Malalar Ɗanyen Mai a Tekun Meziko, 2010: Yadda Aka Toshe Rijiyar Macondo da Yadda Aka Share Ɓarnar

1.0 Gabatarwa

A daren Talata, 20 ga watan Afrilu na shekarar 2010, wani dandamalin haƙar mai da ake kira Deepwater Horizon ya kama da wuta a cikin Tekun Meziko, kimanin kilomita 66 daga gaɓar jihar Luwiziyana ta ƙasar Amurka. Mutane 126 ne ke bisansa a lokacin. Goma sha ɗaya suka rasu, goma sha bakwai suka sami munanan raunuka. Bayan kwana biyu yana ci da wuta sai ya nutse, ya bar rijiyar da yake haƙawa, wadda ake kira Macondo, tana aman ɗanyen mai a ƙarƙashin teku har kwana 87.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin ƙoƙarin da aka yi don shawo kan wannan masifa. Aikin ya kasu gida biyu: toshe bakin rijiyar, da kuma tattara man da ya riga ya fita. Za a duba kowace dabara da aka gwada, da dalilin da ya sa ta ci ko ta faɗi, sa'an nan a auna abin da aikin ya iya kwashewa bisa ga alƙaluman gwamnatin Amurka. Daga ƙarshe za a taɓo abin da ya shafi Nijeriya, tun da yake ita ma tana haƙar mai a cikin teku mai zurfi.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Da yake fannin haƙar mai baƙo ne ga Hausa, ya kyautu a fara da bayyana yadda aka yi amfani da wasu kalmomi a nan. Ganga ita ce ma'aunin ɗanyen mai a kasuwar duniya, tana ɗaukar kimanin lita 159. Taɓon haƙa wani ruwa ne mai kauri da nauyi da ake haɗawa da laka da sinadarai, a cika ramin rijiya da shi don nauyinsa ya danne mai da iskar gas kada su taso. Makarin rijiya wata babbar na'ura ce ta ƙarfe, mai tsawon bene hawa biyar, da ake dasawa a bakin rijiya a ƙasan teku. Tana da wasu muƙamuƙai da za su datse bututu su rufe rijiyar idan abu ya ɓaci. Yaɗe mai kuwa shi ne kwashe shi daga saman ruwa, kamar dai yadda ake yaɗe mai daga kan miya.

3.0 Mafarin Haɗarin

Ruwa ba ya tsami banza. Kamfanin BP shi ne mai rijiyar, dandamalin kuwa na kamfanin Transocean ne, Halliburton kuma shi ya yi aikin siminti. An riga an gama haƙa, ana shirin rufe rijiyar na ɗan lokaci, sai simintin da aka zuba a gindinta ya kasa tare gas. An yi gwaji don a tabbatar ko simintin ya kama, gwajin ya nuna alamar matsala, amma waɗanda ke kan aiki suka yi masa wata fassara, suka ci gaba da janye taɓon haƙa suna maye gurbinsa da ruwan teku, wanda bai kai shi nauyi ba. Da nauyi ya ragu sai gas ya taso ta cikin bututu, ya watsu a kan dandamali, ya kama wuta. Makarin rijiya, wanda shi ne madogara ta ƙarshe, bai rufe ba, domin ƙarfin abin da ke tasowa ya tanƙwara bututun da ke cikinsa, muƙamuƙan suka kasa datse shi sosai.

Abin da ya sa gyara ya yi wuya shi ne zurfi. Bakin rijiyar yana ƙarƙashin ruwa da kimanin mita 1,500. A can babu haske, sanyin ruwa ya kusa kai na ƙanƙara, nauyin ruwan kuma ya ninka na iskar da ke bisa doron ƙasa sau 150. Babu mai nutso da zai iya kaiwa wurin. Saboda haka duk abin da aka yi a bakin rijiyar, an yi shi ne da wasu injinan nutso marasa matuƙi, masu hannuwa da fitilu da kyamarori, waɗanda ake sarrafawa daga cikin jiragen ruwa.

Wata matsalar kuma ita ce rashin sanin yawan man da ke fita. Da farko an ce ganga 1,000 ce a rana, bayan 'yan kwanaki aka mai da ita 5,000. Sai daga baya masana suka ƙiyasta cewa ya kai ganga 62,000 a rana a farkon lamarin, ya sauko zuwa 53,000 a ƙarshe. Wannan kuskure ya yi illa, domin an tsara wasu dabarun bisa ga ƙaramin adadi, alhali kuwa abin da ke fita ya ninka shi fiye da sau goma.

4.0 Ƙoƙarin Toshe Rijiyar

4.1 Akwatin Ƙarfe

Bayan injinan nutso sun yi ta ƙoƙarin tayar da makarin rijiya ba su dace ba, sai aka ƙera wani ƙaton akwati na ƙarfe da siminti, mai tsawon mita 12 da nauyin kusan tan 100. Nufin shi ne a kifa shi a kan inda mai ya fi ɓulɓula, a zuƙe abin da ya taru a ciki ta bututu zuwa jirgi. An saukar da shi a farkon watan Mayu, amma bai yi aiki ba. Dalili kuwa, idan iskar gas ta gamu da ruwa mai sanyi a ƙarƙashin nauyi mai yawa, takan daskare ta zama kamar ƙanƙara. Wannan ƙanƙara ta toshe kafar da ke saman akwatin, kuma da yake ba ta kai ruwa nauyi ba, sai ta fara ɗaga shi sama. Tilas aka janye shi gefe. A tsakiyar watan aka zura wani siririn bututu a cikin karyayyen bututun dandamali, aka riƙa jan wani abu kaɗan, amma bai taka kara ya karya ba.

4.2 Dannewa Daga Sama

Daga ranar 26 zuwa 29 ga Mayu aka gwada ɗura taɓon haƙa da ƙarfi ta cikin makarin rijiya, da fatan nauyinsa zai mai da man ƙasa, sa'an nan a bi shi da siminti. Don kada taɓon ya riƙa tserewa ta sama, aka harba tarkace a cikin makarin, kamar guntayen roba da ƙullallun igiyoyi da ƙwallayen wasan golf, ko za su cushe kafofin. Ƙarfin man ya rinjayi na taɓon, yawancinsa ya fito ya watsu a teku. Hukumar bincike da Shugaba Barack Obama ya kafa ta nuna daga baya cewa raina yawan man da aka yi tun farko yana daga cikin abin da ya sa aka ɗora wa wannan dabara fatan da ba ta cancanta ba.

4.3 Hula da Murfi

Da wannan ya faskara sai aka koma ga tattarawa. Injinan nutso suka yanke karyayyen bututun daga saman makarin, ranar 3 ga Yuni aka ɗora masa wata hular ƙarfe mai bututu zuwa jirgin Discoverer Enterprise. An koyi darasi daga akwatin farko, domin a wannan karo an riƙa tura wani sinadari da ke hana gas daskarewa. Hular ba ta zauna daram ba, mai yana fita ta gefenta, amma duk da haka aka riƙa kama kimanin ganga 15,000 a rana. Daga tsakiyar Yuni wani jirgin, mai suna Q4000, ya shiga jan nasa kason yana ƙonewa.

Nasara ta zo ne a watan Yuli. An cire hular, aka kwance ragowar bututun daga gindinsa, ranar 12 ga wata aka ɗaura wani sabon murfi mai bawul-bawul da za a iya rufewa ɗaya bayan ɗaya. A nan kuma wani tsoro ya taso. Idan bangon rijiyar ya tsage a can ƙasa, rufe bakinta zai sa man ya nemi hanya ta cikin duwatsu, ya ɓullo ta wurare da yawa a ƙasan teku inda ba mai iya toshewa. Masanan gwamnati, a ƙarƙashin sakataren makamashi Steven Chu, suka amince a rufe bisa sharaɗin a riƙa auna matsin da ke cikin rijiyar dare da rana. Ranar 15 ga Yuli aka rufe bawul na ƙarshe, mai ya daina fita. Awon bai nuna tsagewa ba, sai aka bar murfin a rufe. A farkon Agusta, da yake man ya tsaya cik, aka sami damar ɗura taɓo a hankali, aka bi shi da siminti.

4.4 Rijiyar Agaji

Tun ranar 2 ga Mayu aka fara haƙa wata rijiya a gefe, aka ƙara ta biyu bayan mako biyu don ko ta kwana. Dabarar ita ce a haƙa a karkace har a riski gindin rijiyar da ta ɓalle, a zuba mata siminti daga ƙasa. Aiki ne mai bukatar haƙuri, domin abin da ake nema bututu ne da faɗinsa bai wuce na faranti ba, a zurfin fiye da kilomita biyar daga saman teku. An riske shi a tsakiyar Satumba, ranar 19 ga watan kuma Admiral Thad Allen, wanda gwamnati ta ɗora wa jagorancin aikin, ya ba da sanarwar cewa rijiyar ta mutu.

5.0 Ƙoƙarin Share Man da Ya Fita

A lokacin da aikin ya kai ƙololuwa, mutane wajen 47,000 ne ke cikinsa, da jiragen ruwa fiye da 6,000. Da yawa daga cikin jiragen na masunta ne waɗanda aka hana su kamun kifi, kamfanin ya ɗauke su haya. Hanyoyi huɗu aka fi bi.

Ta farko ita ce shinge da yaɗewa. An shimfiɗa dubban kilomitoci na shinge mai yawo a kan ruwa, don a tare mai kada ya kai gaɓa, ko a tara shi wuri ɗaya jiragen yaɗewa su zuƙe. Shingen yana aiki ne idan teku ya lafa. Da iska ta taso sai igiyar ruwa ta tsallakar da man ta samansa, wani lokaci ma ta jefa shingen kansa cikin fadama ya karya ciyawa. An kawo wani ƙaton jirgin dakon mai na wani kamfanin Taiwan, mai suna A Whale, wanda aka gyara don yaɗewa, amma da aka gwada shi sai aka ga man ya bazu ƙwarai, ruwa kawai yake sha.

Ta biyu ita ce ƙonawa. Jirage biyu kan ja shinge marar cin wuta su tara mai har ya yi kauri, sa'an nan a cinna masa wuta. An yi haka sau 411. Hanya ce mai sauri, sai dai tana bukatar sabon mai da ruwa mai kwanciya, kuma baƙin hayaƙinta yana komawa cikin iska.

Ta uku, wadda ta fi jawo gardama, ita ce sinadarin tarwatsa mai, mai suna Corexit. Aikinsa kamar na sabulu ne a kan kwanon da ya yi maiƙo: yana farfasa man ya zama ƙananan ɗigo waɗanda za su gauraya da ruwa, ƙwayoyin bakteriya masu cin mai su same su da sauƙi. An yi amfani da kimanin lita miliyan 7. Wani kaso an fesa shi daga jiragen sama, wajen lita miliyan 3 kuwa an ɗura shi ne a bakin rijiyar a ƙasan teku, abin da ba a taɓa yi ba a irin wannan zurfi. Masu goyon baya suka ce ya rage man da zai kai gaɓa, ya kuma rage tururi mai guba da ma'aikata ke shaƙa a saman rijiyar. Masu suka kuwa suka ce an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago, domin man bai gushe ba, an dai kawar da shi daga ido an mai da shi cikin ruwa inda ƙwan kifi da ƙananan halittu suke. A watan Mayu hukumar kare muhalli ta Amurka ta umarci kamfanin ya nemi wani sinadarin da bai kai wannan guba ba, daga baya kuma ta ce a rage yawan wanda ake zubawa.

Ta huɗu ita ce aikin gaɓa. Duk da ƙoƙarin da aka yi, mai ya taɓa fiye da kilomita 2,000 na gaɓar jihohi biyar: Luwiziyana, Misisifi, Alabama, Fulorida da Tekzas. A inda yashi yake, an kwashe dunƙulen kwalta da shebur da injinan tankaɗe. Fadamun Luwiziyana kuwa ba su karɓi wannan ba, domin takun mutane da na injina yana tura man cikin laka ya kashe saiwar ciyawa, ciyawar kuwa ita ke riƙe ƙasa kada teku ya cinye ta. Saboda haka a wurare da dama aka ga gara a bar su yadda suke. Gwamnan jihar, Bobby Jindal, ya matsa aka tara tudun yashi a cikin teku don kare gaɓa, kamfanin ya ba da dala miliyan 360, amma hukumar binciken shugaban ƙasa ta gano cewa man da tudun ya tare bai wuce cikin cokali ba.

An kuma yi aikin ceton dabbobi. An wanke tsuntsaye da yawa, musamman kwasakwasa, wadda ita ce tambarin jihar Luwiziyana. An tono dubban ƙwan kififiyar teku daga gaɓar Alabama da arewacin Fulorida, aka kai su gabashin Fulorida, suka ƙyanƙyashe a can, aka saki 'ya'yan a Tekun Atalantika.

6.0 Abin da Alƙaluma Suka Nuna

Gwamnatin Amurka ta ƙiyasta cewa ganga miliyan 4.9 ce ta fito daga rijiyar. A watan Agusta na 2010 ta fitar da lissafin inda man ya tafi. Daga cikin kashi 100, an kama kashi 17 a bakin rijiya, an ƙone 5, an yaɗe 3. Sinadari ya tarwatsa 8 (daga baya aka ɗaga wannan zuwa 16), kashi 16 ya tarwatse da kansa, 25 ya bi iska ko ya narke cikin ruwa, 26 kuwa ya saura a kan ruwa ko a gaɓa ko a cikin yashi da laka.

Ma'anar wannan ita ce, abin da hannun ɗan Adam ya fitar daga teku ɗungurum bai wuce rubu'i ba, kuma mafi yawan wannan rubu'in a bakin rijiya aka kama shi. Dubban jirage da shingen da aka shimfiɗa, tsakanin yaɗewa da ƙonawa, kashi 8 kacal suka kawar. Da zarar mai ya bar bakin rijiya ya bazu, kama shi ya zama da wuya ƙwarai.

Ɓarnar kuwa ta daɗe. A farkon Yuni na 2010 an hana kamun kifi a fiye da sulusin ruwan tarayya na wannan teku, masu kamun jatan lande da kawa suka zauna babu sana'a. Bincike ya nuna cutar huhu a jikin dabbobin dolfin na mashigin Barataria shekaru bayan haɗarin. Sai a watan Afrilu na 2014 aka ce an gama babban aikin share gaɓar Luwiziyana. A shekarar nan kuma alƙali Carl Barbier na kotun tarayya a New Orleans ya yanke cewa BP ya yi mummunan sakaci, ya ɗora masa kashi 67 na laifin, Transocean 30, Halliburton 3. A 2015 ya tsayar da ganga miliyan 3.19 a matsayin abin da ya shiga teku wanda za a yi lissafin tara a kansa. A 2016 kotu ta amince da sulhun dala biliyan 20.8 tsakanin kamfanin da gwamnatin tarayya da jihohin biyar.

7.0 Darussa

Hausawa kan ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kusan duk kayan da aka yi amfani da su a bakin rijiyar Macondo, an ƙera su ne bayan haɗarin ya auku. Takardar shirin ko ta kwana da kamfanin ya miƙa wa hukuma har ta ambaci kare wata dabbar ruwa mai haure da ke zaune a ƙasashen ƙanƙara, wadda babu ita sam a Tekun Meziko, abin da ke nuna cewa kwafo takardar aka yi, aka karɓe ta ba tare da an tantance ba. Haka kuma dabarun ba sababbi ba ne. A shekarar 1979, sa'ad da rijiyar Ixtoc ta ƙasar Meziko ta ɓalle a ruwan da zurfinsa bai wuce mita 50 ba, an gwada kifa mata hula, an gwada cusa mata tarkace, kuma rijiyar agaji ce ta kashe ta bayan fiye da wata tara. Watau a cikin shekara talatin fasahar haƙa ta yi nisa, ta gyara kuwa tana nan inda aka bar ta.

Bayan haɗarin an rushe hukumar da ke kula da ma'adinan teku a Amurka aka raba ta gida uku, domin a da ita ke karɓar kuɗin mai, ita ce kuma ke sa ido a kan kamfanonin da ke biyan kuɗin. Manyan kamfanoni huɗu kuma suka haɗa dala biliyan ɗaya suka kafa wani kamfani wanda aikinsa shi ne ajiye murafu da jirage a shirye.

Wannan darasi ya shafi Nijeriya kai tsaye. Filin mai na Bonga yana kimanin kilomita 120 daga gaɓar Neja Delta, a ruwan da zurfinsa ya haura mita 1,000, kuma a watan Disamba na 2011 kimanin ganga 40,000 ta malala a can yayin da ake ɗura wa wani jirgi mai. Ƙasar ta kafa hukumar gano malalar mai da magance ta, watau NOSDRA, tun 2006. Abin tambaya shi ne, idan ƙasa mai ƙarfin Amurka ta kwashe kwana 87 kafin ta rufe rijiya ɗaya, wane tanadi ke akwai a gaɓar da masunta da gandun itatuwan bakin teku suka fi yawa, kayan aiki kuma suka fi ƙaranci? Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, sai ya shafa wa nasa ruwa.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi matakan da aka ɗauka a kan rijiyar Macondo, tun daga akwatin ƙarfe da ya daskare har zuwa rijiyar agaji da ta kashe ta, ta kuma duba hanyoyi huɗu na share man. An ga cewa rashin sanin yawan man da rashin kayan aiki a shirye su suka tsawaita masifar, kuma kowace hanyar sharewa tana da nata lahani. An ga har ila yau cewa inda aka fi samun nasara shi ne bakin rijiyar, kafin man ya watsu. Saboda haka ƙasar da ke haƙar mai a teku, abin da ya fi cancanta ta sa ƙarfinta a kai shi ne ingancin siminti, da gwajin makarin rijiya a kai a kai, da ajiye murfi kusa da inda ake haƙa, da kuma hukuma mai sa ido wadda ba ta cin abinci a hannun waɗanda take dubawa.